Kwanso Biyar a Cikin Tsarabar Baba

Sau biyu mutane suka yi kuskure a kan tafiyata Dubai. Da zan tafi aka ce na samu aikin wanke zinare, har wata ƙanwar babata ta ce in taho mata da ɗan abin da ya zuba a ƙasa. Da na dawo aka ce an kama ni ina safarar harsasai ga 'yan bindiga. Ban taɓa zinaren kowa ba, kuma ban taɓa riƙe harsashin da ba a harba ba. Wata biyu da 'yan kwanaki na yi ina wanke kwanson harsashi, wato ɓawon tagullar nan da ke faɗowa bayan an yi harbi. Ku ƙawayena da kuka ishe ni da "Zuwaira ba mu labari", ga shi nan sau ɗaya. Wadda ta sake tambayata zan ce ta koma ta karanta.

Sai na fara da gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane wautar da na yi ba. Mu maƙeran fari ne. Baba yana zuba munduwa da zobe da ƙananan ƙararrawa a zaure, ni kuma tun ina 'yar shekara bakwai aikina shara da guga. A gidanmu ba a zubar da ƙarfe. In an gama aiki da magagari, sai a share garin, a tankaɗe, a zuba a gwangwani. In kika ga guntun tagulla a hanya kika tsallake, Baba zai ce abincinki kika tsallake. Kullum maganarsa tagulla ba ta mutuwa, kama kawai take sakewa. Na gama sakandare ban samu ci gaba ba, na yi shekara huɗu a zauren nan tsamiya da toka suna cin faratana. Na rantse sai na bar shi.

Hajiya Kubra ce ta buɗe mini ƙofa. 'Yar kasuwa ce, ta fi shekara ashirin tana saro dogayen riguna da takalma daga Dubai, kuma tana sayen munduwa a wajen Baba. Ita ta ji wani kamfani yana neman wanda ya san hannun tagulla, ta tsaya mini har takardu suka fito. Sharaɗin ɗaya ne: wata uku na gwaji. In na tsallake a tabbatar da ni na shekara biyu, in na faɗi a soke biza a sa ni a jirgi. Ban je don ganin dogayen gidaje ba. Tabbatarwar nan kawai nake so, don kada in koma zaure.

Jirginmu daga Abuja zai tashi, don haka mota muka shiga daga Kano ni da Hajiya. Bayan mun wuce Kaduna taya ta fashe a wani wurin da ba gida gaba ba gida baya. Motar da ake ta musu a kan siyasa ta yi tsit, kowa idonsa a daji, direba yana kwance ƙusoshi. Ni kuwa ina tsaye na hango ɗan murfin bakin taya na tagulla a cikin yashi, na duƙa na ɗauka na jefa a aljihu. Ban ma san na yi ba sai da Hajiya ta ce, "Ke kaza ce? Mutane suna ta ransu kina tsince-tsince." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta sa na fito da shi na yar. Har muka kai Abuja abin yana mini ciwo.

A Addis Ababa muka sauya jirgi, muka yi zaman awa shida cikin sanyi. An kawo mini wani abinci a naɗe, toka-toka, na ɗauka tsumman goge hannu ne har na fara goge yatsu da shi. Mai kawo abincin ta tsaya tana kallona. Ashe shi ne tuwonsu. Da na ɗanɗana, tsaminsa ya fi na kunun da ya kwana uku.

A filin jirgin Dubai aka ware mu gefe, mu masu koren fasfo. Aka duba ƙwayar idona da na'ura, aka buɗe jakata, wani jami'i ya ɗaga ƙullin daddawa da yatsa biyu yana kawar da hanci. Hajiya ta yi masa bayani da Larabcinta na kasuwa har ya mayar. Da muka fito ta ja ni gefe ta ce in buɗe kunne: a gida in ka yi laifi za ka durƙusa, ka kira sunan mai unguwa, ka ce don Allah, a ce tashi. A nan babu wanda za ka durƙusa wa, takarda ce ke magana, ita kuwa takarda ba ta jin ba da haƙuri. Na ce na ji. Zafin da ya mare ni a ƙofa ya fi damuna da wa'azinta.

Masaukina a Abu Hail yake, ɗaki ɗaya mu shida, gadaje masu hawa biyu. Na sama aka ba ni, dab da na'urar sanyi mai ɗigar ruwa. A ƙarƙashina Ramatu take, 'yar Damagaram, tana aiki a ofishin kago, wato masu aika kaya, a Naif, inda 'yan kasuwarmu ke sayayya. Ramatu tana da baki. Ran farko ta dube ni ta ce 'yan Kano ba su iya komai ba sai ciniki da cika baki, na ce 'yan Nijar ba su iya komai ba sai shayi da "bon, bon", daga nan muka shirya. Ita ta koya mini kada in tsallaka titi sai inda aka ja layi, kada in ɗauki hoton kowa, kada in gaida mutum a cikin lif. Na ƙarshen ya fi ba ni wuya. Wata biyu ina haɗuwa da maƙwabciyarmu kullum da safe, ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba. A unguwarmu in kika wuce tsohuwa ba gaisuwa, kafin ki kai gida ƙararki ta riga ki.

Abinci kuwa shinkafa ce mai kayan ƙamshi, safe da rana, har na fara jin warinta a gumina. Ran Lahadi muke zuwa wani gida a Naif inda wata Bakatsiniya ke tuƙa tuwo da miyar kuka, mu ci muna gumi ba mai magana. Abin da ya fi ɗaga mini hankali a garin shi ne zubar da kaya. Kujera lafiyayya, fanka, tukunyar da hannu ɗaya kawai ya cire, duk a bakin bola. Ramatu sai ta riƙe mini hannu in za mu wuce.

Wurin aikin yana bayan gari, cikin rairayi, kusa da filin da masu hali ke zuwa harbin takarda don nishaɗi. Kamfanin yana da izinin hukuma na tattara kwanson da aka harba, a wanke, a sake cikawa. Cikawar a wani gini ake yi mai ƙofar ƙarfe, ban taɓa shiga ba. Namu wanki ne. Mai kula da mu wani ɗan Fakistan ne mai furfura, kowa yana ce masa Mudir. Ya nuna mini aikin da hannu da guntun Turanci. Kwanson yana zuwa a durom, baƙi ƙirin da hayaƙin albarushi da yashi. A ware kowane girma daban, don ƙarami yana shigewa cikin babba ya maƙale. A zuba a wata ganga mai juyawa tare da ruwa da sabulu da ɗan garin tsami da wasu ƙananan allurai na ƙarfe marasa tsini. Ta yi ta juyi awa biyu, a tace, a ɗauraye, a shanya a tanda mai ɗumi. Sannan a zauna a ƙarƙashin fitila a duba ɗaya-ɗaya. Ruwan wankin baƙi ne mai guba, dole safar hannu, kuma ba a cin abinci a ɗakin.

A sati na biyu na ga gangar nan tana ɓata mini lokaci. Na sayo tsamiya a Naif, na jiƙa roba guda na kwanso tun safe har la'asar, na goge da tsumma kamar yadda nake yi wa munduwar amare. Suka fito jajaye suna ɗaukar ido. Na kai wa Mudir ina jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya leƙa cikinsa, ya kife robar gaba ɗaya a durom ɗin shara. Ya ce jan nan alama ce tsami ya cinye ƙarfin tagullar, in aka cika irinsa zai iya tsagewa a fuskar mai harbi. Ya ce ba ya neman kyau, cikin yake so ya fita tas ya bushe. Shekara goma sha ina gyara tagulla don ido ya gani, ga shi an kawo ni inda ba ruwan kowa da ido. Ya yafe mini wannan, amma ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna mini, na gane.

Daga nan na kama kaina. Hannuna ya fi na kowa gane tsaga, ina shafa bakin kwanso in ji ta tun kafin fitila ta nuna. Mudir ya fara turo mini na masu manyan bindigogi, har ya ce in na ci gaba haka tabbatarwata ba ta da matsala, inshallah. Ba zan ce ina jin daɗin aikin ba. Wani lokaci ina juya kwanso a hannu sai in tuna ƙauyen su babata, inda irin wannan ake tsinta a bakin rumbu da safe bayan an kwashe mutane. A nan kuma wanke shi nake yi don wani ya harbi takarda ya sha lemo. Sai in kawar da tunanin in ci gaba, don ba tunani aka kawo ni yi ba.

Durom ɗin sharar ne ya kashe ni. Duk wanda ya tsage ko ya lotse, Mudir zai matse bakinsa da filaya ya jefa ciki. Tagulla ce da ban taɓa ganin irinta ba, laushi, launi ɗaya, ba gauraye. Baba yana yawo kasuwar 'yan gwangwan yana tsintar tsofaffin famfo da makullai, rabinsu dalma. In kwanso ya faɗi ƙasa hannuna ne ke ɗauka ya sa a aljihun siket ɗin ciki, kafin a tashi in tuna in mayar. Wata rana ban tuna ba. Ina wanki a masauki na ji ƙara a bokiti, na ga guda biyar, duk matsattsu. Ramatu ta leƙo ta gani, fuskarta ta sauya. Ta ce in naɗe su in jefa a bola yanzun nan, ko in mayar gobe in ce mantuwa ce. Na ce to. Na je har bakin bolar na tsaya. Ku yi mini dariya in kuna so, hannuna ya ƙi buɗewa. Mayarwa kuma ina tsoron yatsan Mudir. Na ce a raina ai shara ce, an riga an kashe su, ko bindigar wasa ba za su shiga ba. Bari Baba ya ga irin tagullar da ake zubarwa a duniya, ya zuba zobe ɗaya da ita.

A satin Hajiya Kubra ta gama sayayya za ta koma. Kun san yadda ake yi, duk mai tafiya gida jakarsa ta jama'a ce. Na ƙulle kwanson a hankici, na tura cikin kwalin dabino, na rubuta "Baba Maƙeri" a kai. Hajiya tana zaune a tsakiyar kaya a otal ɗinta ana ta kawo mata saƙo. Ta tambaye ni abin da take tambayar kowa: ba zinare, ba magani, ba waya? Na ce babu, tsarabar Baba ce kawai. Ban ji a raina ƙarya na yi ba. Ta cusa kwalin a jakar hannunta don kada dabinon ya matse.

Washegari da hantsi Ramatu ta kira ni a wurin aiki. Na'urar filin jirgi ta nuna kwanson, an tsare Hajiya. Ramatu ta ce ta ji a ofishinsu cewa Hajiya ta faɗa wa jami'an saƙon mutum goma sha ta ɗauko, ba ta tuna wanda ya ba ta wannan ba. Ta tuna sarai. Da hannunta ta karɓa tana tsokanata wai rubutuna kamar tafiyar kyankyaso.

Saura kwana goma sha takwas gwajina ya cika. Ramatu ta zaunar da ni da yamma ta yi mini lissafin duniya: Hajiya babba ce, tana da mutane, za a samo mata lauya, ƙila tara kawai za a ci ta. Ni kuwa in na buɗe baki na gama. "Ki yi shiru, ma chérie," in ji ta. "Ita ta zaɓi ta rufa miki. Kada ki ɓata mata wahalarta." Zan faɗi gaskiya tunda na fara: kwana biyu na yi shiru. Na je aiki, na ware, na wanke, na shanya, na ci shinkafata. Wadda take ganin ita da gudu za ta je ta tona kanta, Allah ya sa kada a gwada ta.

Rana ta uku muka ji an wuce da Hajiya wajen masu bincike, kuma hawan jininta ya tashi. Na kashe ganga a tsakiyar juyi na je na samu Mudir na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon durom ɗin shara. Sannan ya ce da na tambaye shi da ya ce a'a, khalas, da magana ta ƙare a nan. Bai yi faɗa ba. Ya cire safar hannunsa, ya kira mai kamfanin, sannan shi Mudir da kansa ya kai ni wajen masu binciken a motarsa.

A can na ga Hajiya a kan benci, ba ɗankunne, ba gwaggwaro, ƙafafunta sun kumbura. Ban taɓa sanin tsohuwa ce ba sai ranar. Na durƙusa a gabanta. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Na tambaye ki, Zuwaira."

Na ce, "Hajiya, shara ce. Ban ɗauka wani abu ba ne."

Ta ce, "Tun a hanyar Kaduna na gani. Ni ce ban yi hankali ba."

Ba ta ƙara ce mini komai ba har yau.

Sati uku na yi a tsare. Ba wanda ya dake ni, ba wanda ya zage ni, kuma ba wanda ya saurari don Allah. Wani tafinta ɗan Sudan ya yi ta ƙoƙarin fahimtar da mai bincike dalilin da zai sa mutum ya kasa zubar da shara, mai binciken ya sa aka maimaita masa sau uku, ya rubuta, ya girgiza kai. Daga ƙarshe suka yarda ba mugun nufi, don Mudir ya zo ya shaida matsin filayarsa ne a bakin kowanne. Amma doka ta hana fita da ko kwanson banza. Aka soke bizata, aka hana ni sake shiga ƙasar, aka raka ni har ƙofar jirgi da kayan jikina da jaka ɗaya da Ramatu ta haɗa mini. Hajiya an sake ta kafin ni. Sau biyu ke nan tana neman biza ana mayar mata. Hanyar shekara ashirin ta toshe saboda kwalin dabino.

Labari ya riga ni isa, kuma ya yi ƙiba a hanya. Biyar sun zama buhu. Da yake gidan maƙera ne, ba a sha wuyar haɗa zancen ba, aka ce dama can bindiga ake ƙerawa a ciki. Wasu jami'ai sun zo sun birkice zauren, sun zazzage gwangwanayen garin tagulla a ƙasa, ba su samu komai ba suka tafi. Masu kawo aikin biki sun ɗauke ƙafa. Na tarar da Baba yana tankaɗe garin da aka zubar, zuga-zugi a rataye, murhu a sanyaye.

Na so ya yi faɗa. Na shirya abin da zan ce masa, cewa shi ya koya wa hannuna wannan cutar. Bai ba ni dama ba. Ya yi mini sannu da hanya, ya bari na ci abinci, sannan ya matso ya rage murya kamar mai tambayar abin kunya, ya ce, "Ita tagullar tasu, yaya take?"

Na ce, "Baba, ban taɓa ganin mai kyanta ba."

Ya gyaɗa kai ya koma kan rariyarsa. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi a tsare ba.

Wasunku sun turo mini shawara in sake fasfo da wani suna in gwada wata ƙasar. Na gode, ba zan yi ba. Ƙwayar idona tana cikin na'urarsu, kuma ko ba ta ciki, hannun nan da shi zan tafi. Zauren da na rantse ba zan koma ba, a ciki nake rubuta wannan, tsamiya a jiƙe a gefena babu abin gogewa.

Ga abin da na yanke. Jiya na ɗauki allura na ɗinke aljihun duk wata riga da siket da nake da su. Gobe da safe zan tafi shagon Hajiya a kasuwa. An ce ta hana a ambaci sunana, kuma yaran shagonta za su kore ni. Zan zauna a bakin ƙofa inda kowa zai gan ni, duk wanda ya tambaya in ce ni ce na sa kwanson, ita ba ta sani ba, Baba bai sani ba. In an kore ni in dawo jibi. Baba ya narka tsohuwar munduwar babata ya zuba wa Hajiya zobe, ya ce in kai mata na ban haƙuri. Na ce ya ajiye. Na riga na ba matar nan tagulla sau ɗaya. Hannu biyu zan je mata, ba komai a ciki.